Farantin Baba a Landan

Mahaifina fita ne a loko, wato makaniki a wurin gyaran injinan jirgin ƙasa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana shiga ƙarƙashin injin jirgi a Minna, ya fito da ciwon baya da ɗan fansho da labari guda ɗaya da yake jin daɗin bayarwa. Labarin Baturensa ne, wani injiniya da Baba ya yi aiki a ƙarƙashinsa kafin 'yancin kai. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, Maigida kawai yake ce masa.

Wata rana ƙarfe ya danne wa Baba hannu ya gutsure masa kan yatsa biyu. Maigida ya cire hankicinsa ya ɗaure hannun, ya sa shi a gidan gaba na motarsa, ya kai shi asibiti da kansa, jini na ɗiga a kan kujera bai damu ba. Da zai koma ƙasarsu ya riƙe wannan hannun ya ce, in ɗanka ya girma ya zo Ingila, ya neme ni. Shekarar da ta biyo baya ya aiko da kati mai hoton dusar ƙanƙara da adireshinsa a baya. Katin na cikin adakar Baba tare da takardun fansho da wani hoto na ma'aikatan loko, Maigida a zaune a tsakiya, Baba na uku daga dama a layin baya.

Duk wanda ya taɓa zama a tabarmar ƙofar gidanmu a Tudun Wada ya ji wannan labari. Ni na ji shi har na haddace inda Baba ke tsayawa ya ɗaga guntayen yatsun. Ina saurayi kunya yake ba ni, don a makaranta an koya mana wasu abubuwa game da Turawan mulki. Amma ban taɓa faɗa masa ba.

A farkon shekarun tamanin aka zaɓe mu cikin malaman sakandare da za a tura kwas na wata uku a Ingila. Mu uku ne daga Minna. Akwai malamin lissafi daga Kpakungu, mutum mai shiru, wanda ya sayi kyamara saboda tafiyar. Akwai kuma abokina tun firamare, Banufe, ɗan Limawa, wanda iyayensa suka zo daga Bida. Mu kuwa asalinmu Katsina ne, kakana ya biyo aikin reluwe ya zauna. Tsakanin Bakatsine da Banufe akwai wasa, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma duk abin da aka faɗa a cikin wannan wasan ba a fushi da shi. Abokina ya riƙe wannan 'yanci da hannu biyu. Shi kaɗai ne a cikin sa'o'ina zai shigo gidanmu ya ce wa Baba, "Tsohon bawana, ina gaisuwa?" Baba ya yi dariya ya jefe shi da goro.

Da Baba ya ji maganar tafiya, bai tambaye ni abin da zan karanto ba. Ya sa kawun abokina ya yo masa farantin tagulla daga Bida, babba, mai zanen ganye a baki. Ya zauna ya goge shi da toka da lemon tsami har yana ɗaukar ido, ya naɗe shi da sabon ƙyalle, ya ba ni tare da katin da hoton.

"Kada ka rubuta masa wasiƙa," in ji shi. "Wasiƙa ta mai nisa ce. Ka je da ƙafarka ka yi sallama, ka ce ɗan wane ne. Ka sa masa a hannu."

Na ce to. Ban ga wani aibu a wannan ba. A wurinmu ba a neman izini kafin a je gaida babba, zuwan ba zata ma shi ne ke nuna an riƙe mutum a rai. Wata uku na yi a wani gari mai sanyi can arewacin ƙasar, ina ganin yadda mutanen suke rayuwa da agogo da takardar alkawari, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa wannan ya shafi saƙon Baba ba.

An ba mu kwana biyu a Landan kafin jirginmu ya tashi. Rana ta farko ta tafi a sayayyar tsaraba. Ta biyu muka ware don ganin gari, kuma na ce mu fara da gidan Maigida tun da safe mu sauke nauyi. Abokina ya ce atafau.

"Mun zo garin Sarauniya, ka ce mu fara da gidan tsohon makaniki? Bakatsine ke nan. Mu ga gari tukuna, tsoho ba ya zuwa ko'ina."

Malamin lissafi ya ce hasken safe ya fi kyau a hoto. Biyu suka rinjayi ɗaya, ni ma kuma a gaskiya ina son ganin garin. Na sa farantin a jakar leda na rataya, muka fito, manyan riguna a kan suwaita, kowa da hularsa.

Farantin nan ya ga Landan fiye da yawancin mutanen Tudun Wada. Ya hau benen jar bas. Ya tsaya ƙarƙashin babban agogon nan da muke jin bugawarsa a rediyo kafin labarai, muka jira har ya buga, abokina ya duba agogon hannunsa ya ce nasu ya yi lattin minti biyu. Muka haye gada muka leƙa kogin, ruwan launin kunun kanwa. A ƙofar fada muka kutsa cikin taro don mu ga sojoji masu dogayen baƙaƙen huluna suna sauya gadi. Wata mata ta taka mini ƙafa, bakin farantin ya soke ta a kwiɓi, muka ba juna haƙuri.

A dandalin tattabaru aka ɗauke mu hoton da har yau yake wurina. Tattabara biyu a kan hular abokina, bakinsa a buɗe yana dariya, ni kuma a gefe na rungume jaka kamar mai jego. Ya ce da a Limawa ne da tuni tattabarun nan sun shiga tukunya. Na yi dariya har da hawaye. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka ranar baƙin ciki ce tun daga farko. Ban taɓa jin daɗin yini irin na wannan safiya ba, mu uku, ba mai sanin mu, ba mai aikenmu.

Mun yi azahar a kan ciyawa a wani lambu, malamin lissafi ya ƙiyasta mana alƙibla da inuwa. Daga nan muka shiga gidan ajiye kayan tarihi. Mai gadi ya buɗe jakata ya ga tagulla, ya ce in bar ta a wurin ajiya in karɓi lamba. A ciki muka tarar da kayan ƙasarmu a bayan gilashi, har da butocin tagulla irin na Bida. Abokina ya tsaya a gabansu yana kallo, sannan ya juyo ya ce in yi maza in karɓo farantin Baba kafin su sa masa lamba su kulle shi da 'yan uwansa.

Ƙarfe huɗu ya wuce kafin mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mu nufi unguwar da ke jikin katin. Mun ɓata sau biyu. Hannun jakar ya tsinke, na koma riƙon farantin a hammata. Aka fara yayyafi. Unguwar ta jajayen gidaje ce, duk kamarsu ɗaya, kowane da ɗan lambu a gaba da bai fi tabarma biyu ba. Na zaci gidan Maigida zai kai na Razdan, babban Baturen mulkin lardi. Muka sami lambar, na gyara hulata, na danna ƙararrawa.

Wani tsoho ya buɗe ƙofa kaɗan, da sarƙa a jiki. Na gane shi daga hoton, kunnuwan ba su sauya ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, manyan riguna uku a jiƙe. Ni kuma don zumuɗi na riga na kware ƙyallen, tagulla na walƙiya a hannuna. Idonsa ya sauka a kan farantin, sai na ga fuskarsa ta saki, kamar wanda ya tuna wani abu mai daɗi. Ya buɗe baki da Hausa, irin ta Turawan da.

"Nawa? Ya yi tsada. Ba kuɗi."

Ya yi dariya, yana jin daɗin bai manta ba. Ya ɗauke mu 'yan koli ne, irin waɗanda a zamaninsa suke bin barandar gidajen Turawa suna baza tagulla da fatu. Abokina a bayana ya yi wani sauti a hanci, na san dariya yake dannewa.

Na yi masa bayani da Turanci. Na ce daga Minna muke, ni ɗan wane ne, fita a loko. Ya cire sarƙar. Ya ce Minna, Minna, zafi da mangwaro. Na maimaita sunan Baba. Ya ɗaga kai sama yana nema, ya ce suna da yawa, ka gane, kuma an daɗe. Na ce wanda ƙarfe ya yanke wa yatsa, ka kai shi asibiti a motarka. Ya ce hakan ta faru ba sau ɗaya ba, aikin akwai haɗari. Na ciro hoton na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya sami kansa a tsakiya, ya yi murmushi. Sannan ya ɗora yatsa a kan wani mutum a layin gaba ya ce, wannan ne ko, mutumin kirki, na tuna shi sarai. Mutumin da ya nuna wani magini ne da ya rasu tun ina yaro.

Wata murya daga ciki ta ce shayi na hucewa. Ya ce da mun rubuto ko mun bugo waya da an shirya mana, matarsa ba ta da lafiya sosai. Bai ce mu shigo ba. Muna tsaye a kan dakali yayyafi na sauka a kanmu. Ya laluba aljihunsa ya ce bari aƙalla ya ba mu na mota.

A nan zuciya ta ɗebe ni. Na karɓe hoton daga hannunsa, na mayar da ƙyallen a kan farantin, na ce mun gode, mun yi kuskuren gida ne. Ya miƙo hannu, ban sani ba ko farantin zai karɓa ko musafaha yake so, na juya na bar shi da hannu a miƙe. Malamin lissafi ne ya tsaya ya yi masa sallama a madadinmu.

Muka shiga jirgi, muka wuce tasha uku. Sannan abokina ya ƙanƙance murya ya ce, "Ya yi tsada. Ba kuɗi." Ya fashe da dariya har mutane na kallonmu. Na ce masa in ya kuskura maganar nan ta kai Minna, ni da shi har abada. Ya dafa ƙirji ya ce haba, wa zai faɗa. Malamin lissafi ya ce shi bai ga komai ba.

Farantin ya dawo Minna a ƙasan akwatina. Na kai shi ɗakin da nake haya na tura ƙarƙashin gado, na wuce Tudun Wada. Baba bai bari na gama gaisuwa ba.

"Ka same shi?"

"Na same shi, Baba."

"Ya gane ka?"

Na ce tun kafin in faɗi suna ya ce kamannina da Baba sun yi yawa. Na ce ya shigar da mu falo, matarsa ta kawo shayi da biskit, ya tambayi hannun, ya ɗora farantin a kan kabad inda duk wanda ya shigo zai gani. Ƙaryar ta zo mini da sauƙi har na tsorata. Baba ya saurara yana murza guntayen yatsun da babban yatsa. Ya ce, "Na gaya muku." Ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba.

Daga ranar labarin ya sami kashi na biyu. Yanzu bayan mota da asibiti da kati, sai falo da shayi da kabad. Tsofaffin abokan aikinsa suka riƙa zuwa musamman don su ji, wani lokaci a kira ni in tabbatar. Nakan tabbatar. Har launin labulen falon na ƙirƙira da aka tambaye ni. Wata bakwai aka yi a haka, kuma ban taɓa ganin Baba da walwala irin ta watannin nan ba.

Ranar babbar Sallah da hantsi muna zaune a ƙofar gida, ana ta suyar nama a ciki, tabarma cike da tsofaffin loko. Abokina ya zo yawon Sallah cikin sabuwar shadda. Ya tarar Baba na tsakiyar labari, daidai wurin shayi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi goro, ya zauna yana saurare yana kallona ta gefen ido. Na girgiza masa kai. Na tabbata ya gani.

"Tsohon bawana," in ji shi, "wane shayi? Mu da aka bari a ruwa kamar kaji? Baturenka ca ya yi talla muka kawo. Ya ga faranti ya ce, nawa, ya yi tsada, ba kuɗi. Aka ba shi hoto ya nuna wani can daban. Katsinawa dai ko a Ingila ba a san ku ba."

Ya kwaikwayi muryar tsohon daidai, har da ɗaga kai yana neman suna. Mutane suka yi dariya, don Banufe ne yake tsokanar Bakatsine ranar Sallah, dariya ce ta wajaba. Wasu sun zaci ƙirƙira ya yi. Baba ma ya yi murmushi, ya ce, "Banufe ba ya rabo da sharri." Amma ya dube ni, ni kuma na kasa ɗaga kai, kuma duk wanda ke tabarmar ya ga haka. Dariyar ta mutu a hankali. Wani tsoho ya ce bari ya je ya duba ragonsa, saura suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Da aka watse Baba ya kira ni zaure. Na shirya zai zagi Baturen, ko ya zage ni a kan ƙarya. Na ma shirya abin da zan ce, cewa don in kare shi na yi.

"Ina farantin?"

Na ce yana ɗakina.

"Ba ka ba shi ba."

Na ce Baba, mutumin nan bai san ka ba. A dakali ya bar mu. Kuɗin mota ya so ya ba mu kamar mabarata.

"Ya tsufa," in ji Baba. "Ni ma yanzu sai in ga fuska in rasa suna. Shi ya ɗauke ni a motarsa, ko ya tuna ko bai tuna ba, an yi. Ni ke da abin tunawa, ba shi ba. Na aike ka ka sa masa a hannu. Ban aike ka ka duba ko ya cancanta ba."

Ya ce in kawo masa kayansa. Da yamma na kawo, ya buɗe ƙyallen ya duba, tagullar ta dushe, akwai tabon ruwa a gefe. Ya aika aka samo lemon tsami ya zauna ya goge shi kamar farko, ya naɗe, ya sa a adaka. Ya ce in Allah ya kawo wani mai tafiya sai a ba shi.

Mai tafiya bai zo ba. Shekarun da suka biyo baya abubuwa suka taɓarɓare, aka daina tura malamai ko'ina. Sau biyu na ce a aika ta gidan waya, ya ce a'a, da hannu ake ba da irin wannan. Kuma bai ƙara ba da labarin Maigida ba, ko kashi na farko, wanda gaskiya ne tsantsa. In baƙo ya tambayi abin da ya sami yatsunsa sai ya ce aiki ne, ya sauya magana. Ya ci gaba da zama a tabarma shekara shida, yawanci yana sauraron na wasu.

Abokina ya zo washegarin Sallar ya ce wasa yake yi, ai na san wasa ne. Na sani. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba ni da inda zan kai ƙara. In na ce na yi fushi, kowa zai ce Bakatsine ya kasa ɗaukar wasan Banufe. Har abadan da na yi masa barazana da shi bai kai mako biyu ba. Har yau muna gaisawa, yana kirana bawansa, ina amsawa. Ban yafe masa ba, kuma bai san akwai abin yafewa ba. In na zauna na yi wa kaina adalci kuma, nakan ga shi baki kawai ya yi. Ni ne na tsaya a kan dakalin da saƙo a hannu, tsoho ya miƙo nasa hannun, na juya.

Bayan rasuwar Baba aka buɗe adakar a gaban 'yan uwa. Farantin na nan a naɗe, katin a soke cikin ƙullin ƙyallen ta yadda adireshin ke waje, don mai tafiya ya gani ba sai ya kwance ba. Yayata ta tambaya ko na wane ne. Na ce saƙo ne. Ta ce to ai sai ka ɗauka, kai ka san gidan.